Sunan Da Za Ki Rubuta A Birni

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, gaisuwar uba ga 'yarsa. Ina fata kin sauka lafiya, kin sami makwanci, kin ga fuskokin waɗanda za ki zauna da su a makarantar koyon jinya. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Ni na ce wa mamarki ta cusa wannan takarda a ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin yaji, don kada ki buɗe ta a mota.

Ranar Laraba muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida kika ce da ni, "Baba, in na je rajista ranar Litinin, in rubuta Ladi Tanko kawai? Ba wanda zai gane ni Kirista ce. Ai ba ƙarya na yi ba, sunana ne." Na san abin da ya kawo tambayar. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa da abin da yake ji daga bakin wani, ke kuma ba ki taɓa kwana a birni ba. Ni kuwa sai na ce ki miƙo mini kwando. Ba don ban ji ba. Na ji sarai. Amsar ce ta yi mini nauyi a baki, shi ya sa na zo da ita a rubuce. Ki yi haƙuri da tsawonta, kin san halin malamin tarihi: a tambaye shi hanyar Kabo, sai ya fara da yadda aka kafa garin.

Ina shekarar farko a kwalejin horon malamai wani tsohon fasto ya ara mini wani littafi marar bango, a kan Kiristocin farko na zamanin mulkin Rumawa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da aka nema a wurinsu. Cewa aka yi mutum ya zo gaban gunkin sarki, ya ɗebi turare da 'yan yatsu, ya zuba a wuta, a ba shi takardar shaida ya tafi gida wurin iyalinsa. Shi ke nan. Amma a kan wannan ɗan turaren mutane suka yarda aka ɗaure su, aka jefa wa namun daji.

Jaruntakar ba ita ta fi ɗaure mini kai ba. Jarumai muna da su. Na ga samari a filin sharo ana tsula musu bulala ko ƙifta ido ba sa yi. Farin cikin ne na kasa ganewa. Akwai wani tsohon shugaban ikilisiya da sojoji suka zo kamawa, sai ya sa aka kawo musu abinci, suka ci suka ƙoshi, sannan ya bi su. Akwai wata matashiya mai shayarwa, a nan arewacin nahiyarmu, wadda dabba ta kayar a fili mutane na ihu, da ta tashi sai ta gyara gashinta, don kada a ɗauka makoki take yi. Gashi, Rifkatu! Mace tana bakin mutuwa, abin da ya dame ta kada a ce tana baƙin ciki. Fiye da shekara ashirin ke nan ina juya wannan a raina, har yanzu ban kai ƙarshensa ba. Abin da na ɗan gane kuwa ba a littafin na gane shi ba, a kurakuraina ne.

Da aka yi hutu na dawo ƙauyenmu na gefen Masanawa kaina cike da zakoki. Ina ta neman wanda zai tsananta mini, ban samu ba. Danga ɗaya ta raba gidanmu da na Malam Hadi mai makarantar allo, wanda kika tarar ya tsufa ƙwarai. Tun da kakanki ya bar tsafin gidanmu ya karɓi bishara, ba abin da ya canja tsakanin gidajen biyu. Duk Babbar Sallah nama yana shigo mana. Duk Kirsimeti Inna, kakarki, tana aika musu shinkafa da kaji, kuma Malam Hadi ake kira ya yanka kajin da hannunsa, don mutanen gidansa su ci da kwanciyar rai.

Sallar wannan shekara Nasiru ne ya kawo naman da kansa. Shi ne babban ɗan Malam, sa'ana, tare muke gayya a gona. Ba tsoka biyu uku da ake aika wa kowa ba, cinyar rago ce guda a faranti.

Ya ce, "Bulus ɗan boko, ga naka. Malam ya ce a ba ɗan kwaleji ya ƙara ƙwaƙwalwa."

Na miƙe tsaye, na haɗe rai, na ce, "Ka mayar. Ba na cin naman hadayar wani addini."

Ya fashe da dariya, ya ɗauka wasa nake. "Kai? Bara wa ya cinye mana hanta har ya wuni yana zarya bayan danga?"

"Bara ban sani ba. Bana na sani."

Ya dube ni ya ga da gaske nake. Ya daɗe tsaye da farantin a hannu, sannan ya juya ya tafi da shi. Ni kuwa na koma ɗaki ina jin kaina kamar wanda ya fito daga bakin zaki.

Inna ta dawo daga unguwa ta ji labari. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira ni da sunana na gida ta ce, "Tanko, wa ya dake ka?" Na ce babu. "Wa ya hana ka zuwa majami'a?" Na ce babu. Ta ce, "To yau kai ne ka tsananta wa mutane. Sa takalminka."

Ta tisa ni a gaba har zauren Malam Hadi. Na je a shirye in yi gardama, har na tsara abin da zan faɗa. Sai Malam ya nuna mini buzu ya ce in zauna in ba shi labarin abin da na karanto. Na ba shi, da turaren da namun dajin duka. Ya saurara yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Irin waɗannan ai mun san su. Mu ma muna karanta labarin mutanen da aka haƙa wa rami aka hura wuta aka jefa su don sun ƙi barin imaninsu, da samarin da suka gudu cikin kogo. Malamai da yawa sun ce mabiya Annabi Isa ne. Muna ganin girmansu ƙwarai." Na saki baki. Ban taɓa sanin ana ambaton mutanenmu a bayan dangarmu ba.

Sannan ya ce, "Amma gaya mini, ɗana. A cikin littafin naka akwai wanda aka kawo wa cinyar rago ya ce an tsananta masa?"

Duk zauren aka kwashe da dariya, har Inna. Malam ya ce, "Ni ban ce ka biyo ni masallaci ba. Nama na aiko wa maƙwabcina." Na koma gida da cinyar a kaina, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta yi daɗi.

Da na koma kwaleji na ci gaba da littafin, sai na tarar da irina a ciki. Wani mutum ne ya kai kansa gaban hukuma ba wanda ya neme shi, har ya ja wasu suka bi shi. Da ya ga namun dajin ido da ido sai gabansa ya faɗi, ya zuba turaren. Dattawan wancan zamani ba su yaba wa masu kai kansu ba. Saboda haka 'yata, kada ki shiga birni da fuskar mai jiran a cuce ta. Yawancin waɗanda za ki haɗu da su 'ya'yan irin su Malam Hadi ne. Ki gaishe su yadda aka koya miki. In sun kawo miki abincin Sallah ki ci ki yi godiya. Da azumi kada ki zauna gaban mai ƙishirwa kina kurɓar ruwa don a san ke daban ce. Mayafi kuwa ba ɓuya ba ne, kakarki har ta rasu ba ta fita ba shi. In akwai abin da zuciyarki ta ƙi da gaske, ki ƙi shi da tattausan harshe, ba da ƙirji a buɗe irin nawa ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mamarki.

A shekarun tsuke bakin aljihu, kina goye a baya, ina koyarwa a wata firamare wajen Madadi. Aka ce za a rage malamai, kowa ya zo a tantance shi. Sai magana ta bazu cewa irinmu za a fara cirewa. Wa ya faɗa? Ban sani ba. Kowa daga wani ya ji. Ni da na mayar da cinyar rago saboda imani, na zauna gindin wata bishiyar maina da fom a kan gwiwa, na rubuta Tanko Nomau. Na bar Bulus. Na ce wa kaina daidai abin da kika ce mini: ai ba ƙarya ba ce, sunana ne da na ubana.

Layin ya yi tsawo, har aka kira azahar. Wani malami da muka wuni muna hira, mutumin kirki, ya ɗauki buta ya ce, "Malam Tanko, zo mu yi alwala kafin a kira mu." Kin san abin da na ce? Na ce, "Ka je, ni na riga na yi." Kalmomin sun fita da kansu, ban ma shirya su ba. Ashe rabin gaskiyar da na rubuta tana da ƙanwa, tana tafe a bayanta.

Da aka kira ni ciki, wa zan gani a bayan teburi? Nasiru. Ya zama akawu. Ya karanta fom ɗin, ya ɗaga kai, ya sake karantawa.

Ya ce, "Tanko Nomau. Ina ka baro Bulus? Ko ya faɗo daga mota?"

Ya jawo sabon fom ya tura mini. "Cika da sunan da ke kan takardun makarantarka. In suna ya saɓa shi zai sa a cire ka, ba majami'a ba." Ina cikawa, ya yayyaga na farkon ƙanana, ya ce ƙasa-ƙasa, "Abokina, da ka fi kyau ranar da ka kore ni da nama." Daga ranar har yau bai sake tayar da zancen ba.

Ba a cire ni ba. Kada ki ɗauka ina cewa tsoro kullum na banza ne. Na san waɗanda faɗin gaskiya ya jawo musu asara, kuma ba zan yi miki alkawarin ba za ki gamu da mai ƙyamar sunanki ba. Abin da nake so ki lura da shi daban ne. Ranar nan na tsira da aikina, amma na hau keke na dawo gida kamar an yi mini rasuwa. Mamarki ta yi guɗa, ta kawo tuwo, na ci ban ji ɗanɗanonsa ba. A nan na fara zargin inda farin cikin mutanen nan ya fito. Ina jin su mutum ɗaya ne, ciki da waje. Wanda ya ce ga ni, ga abin da nake, ya sauke kaya, ko da abin da zai biyo baya mai ɗaci ne. Wanda ya ɓuya kuwa ya zama mutum biyu, kuma dole ɗaya ya yi ta gadin ɗayan. Ni wuni ɗaya na yi a haka na gaji. Ke shekara uku za ki yi. Ranar Lahadi da safe ina za ki ce za ki je? In abokiyar ɗakinki ta tashe ki sallar asuba saboda ƙauna, me za ki ce mata? Ranar da ta gane, ba addininki ne zai ɓata mata rai ba, ruɗin da kika yi mata ne.

Da a ce abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Kin san Iliya tela, mai shago a kasuwar Gwarzo, wanda ya ɗinka miki kayan makaranta. Bara da maganganu suka yi yawa ya goge sunansa daga allon shago ya sa wani, ya daina zuwa sujada. Bayan wata shida ya dawo da kansa, ya zauna a baya kansa a ƙasa. Mu dattawan ikilisiya muka zauna a kan maganarsa. Fasto ya so a karɓe shi da gargaɗi kawai. Ni na tashi na kawo tarihi, na kawo zakoki, na ce sai ya yi shekara a bencin horo, ba zai ci jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki, tare da mu ba. Maganata ta rinjaya, don kowa yana ganin ni na fi sanin waɗannan abubuwa. Da aka gaya masa, Iliya bai yi musu ba. Ya dube ni ya ce, "Na karɓa, Malam. Kai Allah bai ɗora maka tsoro ba, shi ya sa." Wata takwas ke nan yana zaune a bencin nan ina wuce shi.

Alhali na san abin da tarihin ya ce. Da tsanani ya lafa, waɗanda suka zuba turare suka dawo suna kuka, ikilisiya ta rabu a kansu. Cikin masu roƙon a karɓe su har da waɗanda suka fito daga kurkuku da tabo a jiki. Wannan ma ya daɗe yana ba ni mamaki. Ni da na zaci su za su fi kowa tsanani, tun da su suka sha wuyar. Ashe wanda ya tsaya a bakin abin ya san yadda gwiwa take rawa. Don haka in kin ga wata 'yar'uwa a makaranta ta ɓoye kanta, kada ki nuna ta da yatsa, ki matso kusa da ita. In kuma ke ce wata rana ƙafarki ta zame, kada kunya ta hana ki dawowa gida. Uban da zai buɗe miki ƙofa ya riga ki zamewa.

Akwai wani abu kuma da nake so ki bincika mini, don ke za ki fi ni samun dama. An ce da annoba ta faɗa wa biranen Rumawa, mutane suna gudu suna barin 'yan'uwansu a kan hanya, waɗannan da ake farauta su suka tsaya suna jinyar marasa lafiya, nasu da waɗanda ba nasu ba. Ina tambayar kaina ko nan ma akwai wani ɓangare na sirrin. Wataƙila wanda hannunsa ke kan goshin mai zazzaɓi ba shi da lokacin auna tsoronsa. Ban sani ba, ni alli na riƙe duk rayuwata. Ke za ki tsaya a kan masu ciwo, za ki ga masu fita daga duniya, Musulmi da Kirista. Ki lura da waɗanda suke tafiya da kwanciyar rai, ki ga me suke riƙe da shi. Ki rubuto mini. Da gaske nake, ina son in sani.

To ga amsar tambayarki. Shawarata ki rubuta Rifkatu Ladi Tanko, duka ukun, da rubutu mai kyau, ki miƙa, ki gaishe da mai karɓa. Ba sai kin yi shela ba. In an tambaye ki, ki faɗa a sauƙaƙe kamar yadda za ki faɗi sunan garinku. In kuma, Allah ya kiyaye, gari ya rikice, kada ki tsaya nuna jarunta. Ki nemi mafaka, ki shiga gidan duk wanda ya buɗe miki. Mutanen farko ma sun gudu daga gari zuwa gari, ba a kira gudu musun bangaskiya ba. Ranki nake so, da gaskiyarki, duka biyun.

Ba zan iya riƙe miki alƙalami ba, yana hannunki. Amma ba daidai ba ne in tura ki ki yi abin da ni na kasa, ina zaune lafiya ana ce mini dattijo. Yau Asabar za ki tafi, rajistarki Litinin. Gobe Lahadi, bayan wa'azi, zan nemi izinin fasto in tashi in gaya wa jama'a abin da na gaya miki, da fom ɗin da maganar alwalar duka. Mamarki zan fara gaya wa da safe. Daga nan zan je in zauna kusa da Iliya, har ranar da za a tashe mu tare. Gabana yana faɗuwa, ba zan ɓoye miki ba. Amma abin mamaki, tun da na yanke wannan shawara nake jin kaina sakayau, ɗazu har mamarki ta kama ni ina waƙa a wajen awaki ta ce lafiya? Ko ɗan gefen abin nan ne da nake nema shekara da shekaru? Zan gani gobe. Lokacin da za ki tsaya a layi, ki sani babanki ya riga ya faɗi nasa sunan.

Ubangiji ya kiyaye ki dare da rana, ya sa albarka a hannunki ga duk wanda za ki taɓa, ya ba ki farin jini wurin malamanki da abokan zamanki, ya dawo mana da ke lafiya. Mamarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Ni ne babanki mai ƙaunarki,
Bulus Tanko Nomau